Shugaban furoje: aiki aka ba ka, ko ganima?

Makonni uku da suka wuce na halarci wata walima a wata unguwa ta birnin Yamai. Ba a ɗaura aure ba, ba a raɗa suna ba, ba wanda ya dawo daga Makka. An naɗa wani abokin karatunmu ne shugaban wani babban furoje, shi ne dangi da abokan arziki suka taru yi masa barka. An yanka raguna biyu. Maroƙa sun zo ba gayyata, kamar yadda suka saba. Na zauna tun la'asar har bayan isha'i ina sauraren masu addu'a da masu gaisuwa, kuma ban ji ko mutum ɗaya ya tambayi angon muƙamin abin da furojen zai gina ba, ko a ina, ko don su wa, balle ranar da za a gama. Abin da kunnena ya ji shi ne: "Allah ya kawo lokacinmu." "Kada ka manta da ƙanenka, ya iya tuƙi." Wani alhaji ya ja shi gefe ya raɗa masa cewa shi fa babu abin da ba ya sayarwa, daga siminti har takardar rubutu. Da na samu sarari na tambaye shi da kaina, sai ya yi dariya, ya ce bai karanta takardun ba tukuna, amma an gaya masa motoci shida ne.

Wannan dariyar ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Jama'a, tun bayan Taron Ƙasa na 1991 muka ƙara wa siyasarmu kalmar wasoso. Duk ƙawancen da ya ci zaɓe sai ya zauna ya kasafta ƙasa kamar naman layya: wannan jam'iyya ta ɗauki ma'aikatu kaza, waccan ta ɗauki jihohi kaza, kamfanonin gwamnati a raba su biyu. Tsokar da aka fi rububi a kanta kuwa ita ce shugabancin furoje, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. A shekarun 1990, lokacin da malamin makaranta da ma'aikacin asibiti suke ƙirga watannin albashin da gwamnati ta riƙe musu, ma'aikacin furoje yana karɓar nasa a kan kari, domin daga asusun masu ba da lamuni yake fitowa, ga kat-kat, ga mai, ga kuɗin tafiya. Gwamnatoci sun zo sun wuce. Sojoji sun karɓi mulki a 1996, da 1999, da 2010, da 2023, kowane da alkawarin share gida. Halin nan bai gusa ba. Har suna muka yi masa da harufan Faransanci uku, PAC, wato dangi, abokai da idon sani. Ma'aikatan da ke karanta wannan shafi sun san ba ƙage nake ba.

To, mene ne furoje, idan aka tuɓe masa rigar manyan kalmomi? Alkawari ne mai ƙafa uku: za a yi abu kaza, kafin rana kaza, da kuɗi kaza. Yawancin kuɗin nan kuma bashi ne, wanda yaran da ba su shiga makaranta ba tukuna za su biya. Shugaban furoje shi ne mutum ɗaya tak da aka ɗora wa wannan alkawari a wuya, wanda idan ƙafa ɗaya ta karye shi za a kira da sunansa. Alhazan Maraɗi ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a nan. Idan ɗayansu ya damƙa wa yaronsa miliyan 50 ya tura shi Lome ya auno kaya, tambaya uku yake yi ranar da ya dawo: ina kayan, nawa suka ci, me ya sa ka daɗe? Yaron da ya amsa da cewa ya halarci tarurruka masu amfani a hanya, ya kuma kashe kuɗin kaf ba saura, ba zai ƙara kwana a gidan ba. A gwamnati kuwa irin wannan yaron ake ba lambar yabo.

Aikin farko na shugaban furoje shi ne wanda abokina ya yi wa dariya: ya karanta takardun, sannan ya cusa su a jaka ya tafi ya ga ƙasar da idonsa. Takardar furoje, kowa ya sani, sau da yawa ƙwararru ne suka rubuta ta bayan sun yi mako biyu a ƙasar, rabi a otel. Ba lallai mugunta ce ta sa su ba; abin da suka gani ya yi aiki a wata ƙasa suke kwafowa. Masanin nan Olivier de Sardan, na cibiyar bincike ta LASDEL da ke Yamai, ya share shekaru yana nuna yadda irin waɗannan dabarun da ake yawo da su ƙasa-ƙasa suke tuntuɓe da zarar sun taka ƙasar gaske. Mu ma ba yau muka gano haka ba. A watan Nuwamba na 1982, a zamanin Seyni Kunce, an yi babban taro a Damagaram kan hanyoyin aiki a karkara, inda ma'aikatan ƙasar nan da kansu suka yarda cewa manyan furojojin bunƙasa noma na shekarun 1970 sun lashe kuɗi mai yawa, manomi kuwa bai ga canjin da aka yi masa alkawari ba. An kawo masa taki da garma da bashi a ƙunshe guda, ba a tambaye shi ko ruwan saman gonarsa zai iya biyan bashin ba. Shekara sama da 40 ke nan da wannan taro. Wane shugaban furoje ne a yau ya san an yi shi?

Duba abin da ya faru a inda aka saurari ƙasa. A jihar Maraɗi an daɗe ana rainon itatuwa a gandu ana dasawa, akuya da fari suna cinyewa, ana sake dasawa, ana rubuta adadin da aka dasa a rahoto, ba a rubuta adadin da ya rayu. Wajen 1983 wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara kututturen itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana nan a ƙasa. Abin da ake buƙata kawai a bar reshe biyu ko uku su tashi. Manoma suka ɗauka, suka gyara ta yadda ta dace da su, suka kira ta sassabin zamani. Masu bincike sun ƙiyasta daga baya cewa hekta wajen miliyan 5 sun sake yin itace ta wannan hanya, itatuwa kimanin miliyan 200. A Keita kuma, cikin jihar Tawa, furojen da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, FAO tana gudanarwa, PAM tana ba da abinci a madadin lada, ya tarar maza sun tafi cin rani, sai ya tsara aikinsa da waɗanda ya samu a gida. Mata ne suka ɗauki duwatsun da aka tare zaizayar ƙasa da su a tsaunukan Adar. Wanda ya bi ta Keita ya ga abin da ya rage na wannan aiki ba sai an karanta masa rahoto ba.

Sanin abin da za a yi yana tafe da wani nauyi da ya fi shi ɗaci, shi ne tsare shi. Furoje ya ce rijiya 40 a ƙauyuka 40 da aka auna aka ga sun fi kowa ƙishirwa. Kafin a haƙa ta farko waya ta fara ƙara. Mai girma wane yana son biyu a garin kakanninsa. Wani babban hafsa yana son ɗaya kusa da garkensa. Hakimi ya aiko da rago da gaisuwa. Kowace rijiya da ta kauce daga inda aka tsara ta, wata mace ce a wani ƙauye da ba ta da ɗan'uwa a Yamai za ta ci gaba da tashi da asuba da tulu a ka. Wanda aka naɗa don ya ce a'a a wannan lokaci shi ne shugaban furoje. Amma yaya mutumin da waya ta naɗa zai ce wa waya a'a? Kowa ya ci ladan kuturu, ai sai ya yi masa aski.

Sai maganar lokaci, kuma a nan ne muka fi kunyata kanmu. A ƙasar nan akwai kalandar da ba ta karɓar umarni daga kowa: damina. Daga Yuni zuwa Satumba hanyoyin karkara suna yankewa, koramu suna cika, leburori suna komawa gona. Irin shukar da ya iso a watan Agusta sadaka ce ga ɓeraye. Madatsar da ba a rufe ba kafin ruwan farko, ruwan zai tafi da ita da kuɗinta. Shugaban furoje na gaske daga damina yake ƙirgowa baya: idan ana son a fara gini a Oktoba, yaushe za a yi shelar neman ƴan kwangila, yaushe za a buɗe tayinsu, kwana nawa mai ba da lamuni zai ɗauka kafin ya ce bai ƙi ba, kwana nawa ƙarfe zai yi daga tashar jirgin ruwa zuwa Tawa? Lissafi ne mai gajiyarwa, babu tafi a cikinsa, babu ɗan jarida da zai zo ɗaukar hoto. Shi ya sa muka musanya shi da wata kalanda, ta biki da zaɓe. Bukukuwan 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da su, Dosso Sogha a 2014, Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018, sun bar wa garuruwan nan kwalta da fitilu da gine-gine, ba mai musun haka. Sai dai mazauna garuruwan sun san yadda ake aiki dare da rana a makonnin ƙarshe, sun kuma san yadda kuzarin yake yin sanyi da zarar baƙi sun hau mota. Siminti ba ya bushewa da wuri don shugaban ƙasa yana tafe.

Wanda yake son ganin abin da kalandar zaɓe take haifarwa, ya je ya tsaya a bakin layin dogon Yamai zuwa Dosso. An ƙaddamar da aikin a watan Afrilu na 2014, kamfanin Bolloré ya shiga shimfiɗa ƙarfe, alhali yarjejeniyar da ta ba shi aikin ba a sa mata hannu ba sai a watan Agusta na 2015. Ana cikin haka akwai wani ɗan kasuwar Benin, Samuel Dossou, mai kamfanin Petrolin, da yake cewa shi aka riga aka ba haƙƙin wannan layi, kotunan Benin kuma suka ba shi gaskiya. An yi bikin buɗe kilomita wajen 140 a ƙarshen Janairu na 2016, makonni kaɗan kafin zaɓen shugaban ƙasa na watan Fabrairu. Layin da ke tasowa daga Kwatano kuwa a Paraku ya tsaya, tsakanin Paraku da Dosso babu ko taku ɗaya na ƙarfe. Wato an gina tsakiyar gada, an bar bakinta. Ɗan kasuwar da aka yi wa alkawarin saukin kuɗin dakon kaya bai taɓa ɗora buhu ɗaya a wannan jirgi ba. Na yarda, shawarar ta fi ƙarfin kowane injiniya, daga sama ta sauko. Amma tambayar da kowane ɗalibin shekarar farko a wannan fanni zai yi ita ce: wa ke da haƙƙin aikin, kuma ina layin zai haɗe? A cikin dukan manyan ma'aikatan da takardun suka ratsa ta teburinsu, wa ya rubuta wannan tambaya ya sa hannu a ƙasanta?

Kandaji kuwa ta zama tatsuniyar da kaka ta ji tana yarinya, take kuma gaya wa jikokinta. Tun shekarun 1970 ake zancen wannan madatsa a kan kogin Kwara, a jihar Tilaberi, mai megawat 130 da noman rani na hekta 45.000. Tanja Mamadu ya aza tubalin farko a watan Agusta na 2008. Aka ba kamfanin Rasha, Zarubezhvodstroy, kwangilar ginin, aka yi bikin fara aiki a 2011, aka soke kwangilar a 2013 saboda aikin ya ƙi gaba. Sai a watan Maris na 2019 aka sake wani bikin, wannan karon da kamfanin Gezhouba na ƙasar Sin. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da rufe bakin aljihun masu ba da lamuni, kamfanin ya sanar da dakatar da aiki. A wannan watan ne kuma Najeriya, wadda a lokacin take ba mu kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da muke sha, ta yanke layi, garuruwanmu suka kwana cikin duhu, masu sayar da ƙanƙara da masu walda da masu injin niƙa suka yi zaman makoki. Babu mai hankalin da zai ɗora juyin mulki a wuyan shugaban furoje. Amma shekarun da suka salwanta tsakanin 2011 da 2019 fa? Zaɓen ɗan kwangila, da bincikar ko yana da injuna da kuɗi da mutanen da ya ce yana da su, da gane tun watannin farko cewa ya gaza, duk aikin masu jagorancin furoje ne. Haka ma tsugunar da dubun dubatar mutanen da ruwan zai ci garuruwansu, har da Ayoru: aiki ne da ya kai ginin kansa nauyi, kuma madatsa ba ta cika sai an gama shi.

Abin da Turawa ke kira kula da haɗari, mu a gida cewa muke ba a fafe gora ranar tafiya. A ƙasar da aka karya darajar kuɗinta da rabi dare ɗaya a watan Janairu na 1994, har faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, duk abin da ake sayowa waje ya ninka. A ƙasar da aka rufe iyakarta da Benin a 2023, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina da rakiyar soja. A ƙasar da fari da ambaliya suke karɓa-karɓa, shugaban furojen da ya zo yana cewa "ba mu zata ba" ya kamata a tambaye shi a wace ƙasa ya girma.

Mu zo ga kuɗi, inda kowa ya kasa kunne. Akwai wani ma'auni da ya lalata tunanin ma'aikatanmu, shi ne yawan abin da aka fitar daga asusu. Mai ba da lamuni yana son ya ga kuɗi suna fita, domin shi ma da haka ake auna shi a hedkwatarsa. Minista yana son ya ji an ce kashi 90. To, wace hanya ce ta fi sauri wajen fitar da kuɗi? Gina makaranta yana cin shekara. Taron ƙara wa juna sani a otel yana cin kwana uku: a hau kat-kat a tafi Dosso ko Konni, domin idan a Yamai aka zauna kuɗin zama ba su da kauri, a sha shayi da safe, a ci kaza da rana, a karɓi perdiyam, a sa hannu. Akwai taron ƙaddamarwa, da taron tabbatar da rahoton taron ƙaddamarwa, da taron nazarin tsakiyar zango. Na san ma'aikatan da idan ka je biro neman su sau biyar, sau huɗu za a ce maka suna atiliye. A ƙarshen shekara an kashe kashi 90, an gode wa Mushe Direkta, yara kuma suna nan a rumfar zana suna jiran iskar farko ta damina ta sallame su hutu.

Dukan amanar kuɗin furoje a wuri ɗaya take taruwa: sa hannun shugabansa. Shi ke sa hannu a ba ɗan kwangila kuɗin somin aiki. Shi ke sa hannu cewa an kai matakin da za a biya kashi na biyu. Shi ke amincewa da ƙarin kuɗi a kan kwangilar da aka riga aka ƙulla, ƙofar da ɓarayi suka fi so, domin mutum ya karya farashi ya ci gasa, daga baya a cike masa ta bayan gida. Shi ke sa hannu a takardar karɓar aiki ta wucin gadi, sannan bayan wa'adin garanti ya sa hannu a ta ƙarshe a saki kuɗin da aka riƙe. Duk ajin da rufinsa ya tashi a shekarar farko, duk kwaltar da ta fashe kafin a cire tutocin biki, akwai takarda a wani kabad da ke cewa an duba aikin an same shi daidai, da suna, da hatimi. A 2006 binciken kuɗin shirin ilimi na shekara goma ya tono abin da aka kira badaƙalar MEBA: ƙarin farashi, da kwangiloli ba gasa. Masu ba da tallafi suka dakatar da kuɗinsu, aka tsare tsofaffin ministoci biyu, kuma a kan wannan magana ce majalisar dokoki ta kayar da gwamnatin Hama Amadu ranar 31 ga Mayu 2007. Mun riƙe sunayen manya. Amma kafin takarda ta kai teburin minista hannu nawa ta ratsa?

A nan dole in juyo gare ku, alhazai, ko da za ku daina sayen jaridar. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kashi goman da kuke kuka da shi a zaure, ku ne kuke kai shi da dare a cikin ambulan. Ku ne kuke yin kamfani uku da sunan ɗa da ƙane da direba, ku kawo tayi uku daga aljihu ɗaya a ce an yi gasa. Wanda ya ba da kashi goma kuma a siminti zai fanshe, buhun da ya kamata ya yi bulo 30 sai ya yi 50. Na san amsarku, kuma tana da ƙarfi: wanda bai bayar ba ba ya samu, wanda ya gama aiki tsakani da Allah kuma sai ya shekara yana safa da marwa tsakanin biro da baitulmali, banki yana ƙirga masa ruwa. Gaskiya ne. Biyan ɗan kwangila a kan lokaci yana cikin manyan ayyukan shugaban furoje, kuma wanda yake danne takardar biya a ƙarƙashin gwiwar hannunsa har sai an zo an gaishe shi, ya san abin da yake yi. Amma ku da kuka iya haɗa kai ku rufe kasuwa idan an ƙara haraji, me ya hana ku haɗa kai a kan wannan?

Nauyin da na fi ganin an yi wa riƙon sakainar kashi shi ne faɗar gaskiya ga na sama. Na karanta rahotannin furoje da yawa a aikina. Harshensu ɗaya ne: an samu ci gaba mai gamsarwa, sai dai ƴan matsaloli da ake kan shawo kansu. Wata uku bayan haka, ci gaba mai gamsarwa. Ranar da wa'adi ya cika sai a nemi ƙarin shekara biyu, kowa ya yi mamakin ƙarya. Alhali tun wata na shida injiniyan da ke wurin ya san an makara, akanta ya san kuɗin ba za su kai ba, direba ma ya sani. Labari mara daɗi da ya iso da wuri ana iya yi masa magani: a sauya ɗan kwangila, a rage aikin, a nemi ƙari. Wanda aka ɓoye sai ya ruɓe. Shugaban da ma'aikatansa suke tsoron kawo masa mugun labari, shi ne na ƙarshe da zai san gidansa yana ci da wuta. Kuma wanda ya cika ofishinsa da ƴaƴan ƴan'uwa, wa zai kora idan aiki ya ɓaci?

Na san abin da shugabannin furoje za su ce, domin wasunsu abokaina ne, kuma akwai na ƙwarai a cikinsu da suka tsufa ba su gina bene ba. Za su ce hannunsu a ɗaure yake. Ba su sayen ko babur sai mai ba da lamuni ya amince daga Washinton ko Abijan, amincewar kuma takan yi watanni. Kason da gwamnati ta yi alkawarin zubawa ba ya zuwa. Minista yana iya tuɓe su da takarda mai layi biyu. Duk wannan haka yake. Amma ba wanda ya hana mutum ya rubuta. Idan an umarce ka ka karkatar da rijiya, ka nemi umarnin a rubuce. Za ka sha mamakin yadda masu waya suke tsoron alƙalami. Idan kason gwamnati bai zo ba, ka rubuta ranar da ya kamata ya zo da abin da rashinsa zai jawo, ka aika wa duk wanda ya dace, ka ajiye kwafi. Idan an matsa maka ka karɓi ginin da ka san zai rushe a kan yara, akwai ƙofa, kuma ba a kulle take ba. A tarihin ƙasar nan, shugaban furoje nawa muka ji ya ajiye makullin kat-kat a kan tebur ya fita don an nemi ya sa hannu a ƙarya? Ku aiko mana da sunayensu, za mu buga su a shafin farko.

Saura ranar da furoje ya naɗe tabarmarsa. Wa zai gyara famfon idan ya lalace, da kuɗin wa, kuma a wace kasuwa ake samun kayan gyaransa? Wa zai biya mai gadi? Wannan tambaya a ranar farko ake yin ta. A 2006 gwamnati ta ce magani kyauta ne ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, niyya mai kyau wadda ta sa iyaye mata suka cika asibitoci. Amma kuɗin da ya kamata baitulmali ya mayar wa asibitocin suka riƙa makara har bashi ya taru, kantocin magani na asibiti suka bushe, kyautar ta koma takardar da ake ba uwa ta je ta saya a waje. An tsara farkon, an bar ƙarshen ga Allah. A wani ƙauye da na kwana a bara na ƙirga alluna huɗu a bakin hanya, kowane da sunan furojensa da tutar ƙasar da ta biya, tsatsa ta fara cin harufan. Famfo ɗaya ne yake aiki a garin, shi ma wani ɗan garin da ke fatauci a Kano ne ya gyara shi.

Ba na neman a kafa wata sabuwar hukuma, muna da su har sun yi yawa. Abin da nake nema ƙarami ne. A daina naɗa shugaban furoje a zauren rabon muƙamai. A yi shelar gurbin, a gwada masu nema, a buga sakamakon. A ba wanda ya ci takardar aiki mai shafi ɗaya, abin da zai yi, da ranar, da kuɗin, a buga ta a jarida da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, a karanta ta a rediyo. A kowane wurin aiki a kafa allo mai sunan ɗan kwangila, da kuɗin kwangilar, da ranar gamawa, da sunan wanda zai sa hannu a karɓa. Kada a ba mutum furoje na biyu sai an je an ga abin da ya rage na farkon bayan shekara uku. Motocin kuma, ranar rufewa, a ƙirga su a gaban jama'a.

Abokina ya kira ni shekaranjiya, ya ji ana cewa ina rubutu a kansa. Na ce masa ban ambaci sunansa ba, kuma ba zan ambata ba. Ya ce yanzu ya karanta takardun, shafi 180 ne, kuma akwai wurare biyu da lissafin bai yi masa daidai ba. Na tambaye shi ko ya rubuta wa minista. Ya ce yana jira tukuna a gama taron ƙaddamarwa, wanda za a yi a Dosso, kwana uku.